Daga Bakin Kwano Zuwa Bakin Rafi: Magudanar Ruwa, Gishiri da Haƙƙin Maƙwabci a Garin Awe

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ruwan sama da ruwan wanke-wanke ke fita daga gidaje a Awe ta Jihar Nasarawa, da abin da ke biyo baya idan ya rasa hanya. Ta ɗora bayaninta a kan abin da masana duwatsu suka rubuta game da kwarin Binuwai, da lissafin ruwan da rufin gida ke zubarwa, da dabarun maginan gargajiya, da hukunce-hukuncen fiƙihun Malikiyya a kan gini da maƙwabtaka. Abin da take son tabbatarwa shi ne, a ƙasa mai gishiri irin ta Awe ɓarnar ruwan da ya kwanta a gindin bango ninki biyu ce, kuma magudanar gida ɗaya ba ta tsinana komai sai ta haɗu da ta maƙwabci, an bi da ruwan har inda zai zube ba tare da ya cuci kowa ba.

1.0 Gabatarwa



Duk shekara da zarar watan Agusta ya kama, kunnen mutanen kwarin Binuwai yakan koma Kamaru, ana jiran a ji ko an buɗe madatsar Lagdo. Tsoron yana da dalili. A 2012 Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, ta ce ambaliya ta ci rayuka 363, ta raba fiye da mutum miliyan biyu da muhallinsu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. Garuruwan bakin kogi irin su Tunga, a nan Ƙaramar Hukumar Awe, sun san abin da ake nufi idan aka ce Binuwai ya kawo.

Sai dai akwai wani ruwan da ba a yi masa sanarwa a rediyo, ba a kai wa wanda ya shafa buhun shinkafa ko katifa. Shi ne wanda ya sauka a kan rufinmu, ya zubo gindin bangonmu, ya kwana a tsakar gida, ya wayi gari a lungu. Ambaliyar kogi takan zo shekara ɗaya ta tsallake wasu shekarun. Wannan kuwa ba ya fashin damina ko ɗaya, kuma shi ne ke kayar da katangar talaka a garin da ke nesa da kogi. Abin da ya faru a Mokwa ta Jihar Neja a ƙarshen watan Mayun 2025 ya isa ishara. Kogin Kwara bai tumbatsa ba a ranar. Ruwan sama ne na dare ɗaya ya taru ya rasa mafita, ya afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, aka rasa fiye da mutum 150. A kan irin wannan ruwa, na cikin gida da na cikin unguwa, maƙalar za ta tsaya.

2.0 Ƙasar Awe da ruwanta

Awe na kudu maso gabashin Jihar Nasarawa, jihar da aka cire daga Filato ranar 1 ga Oktoban 1996. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar fiye da mutum 110,000. Hausawa da Alago da Jukunawa da Tibi da Fulani duk suna zaune a cikinta. Abin da ya fito da sunan garin tun kafin zuwan Turawa shi ne gishiri. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1986 kan tarihin gishiri da fataucinsa a tsakiyar Sudan, ya lissafa Awe da Keana da Azara cikin maɓuɓɓugan ruwan gishiri na kwarin Binuwai da fatake ke zuwa saye.

Masana duwatsu sun bayyana asalin abin. Kimanin shekara miliyan ɗari da suka wuce teku ya shigo wannan kwari, ya bar shimfiɗu na yashi da laka waɗanda suka daskare suka zama dutse. M. E. Offodile, wanda ya yi nazarin tsakiyar kwarin a 1976, ya bayyana ɗaya daga cikin shimfiɗun da ke ɗauke da sunan Awe, kuma daga wannan yanki ne ruwan gishiri ke ɓuɓɓugowa. Abu biyu ya shafi mai gida a nan. Inda ƙasa ta zama laka ko yumɓu, ruwa ba ya nutsewa da wuri, sai ya kwanta. Yumɓun kuma yakan kumbura da damina ya tsuke da rani, harsashin da ke kansa ya riƙa motsi har bango ya tsage. Sannan inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake da zartsi, duk danshin da ya taso yana tafe da gishiri. Ba kowace unguwa abin ya shafa daidai ba. Gidan da ke kan tudu mai yashi ko marmara yana da sauƙi. Na kusa da filayen gishiri da fadama shi ne ke shan wahala biyun a haɗe.

Damina a wannan yanki takan fara a Afrilu ta kai Oktoba, ruwan shekara kuma yakan kama tsakanin milimita 1,000 zuwa 1,500, mafi yawansa a Agusta da Satumba.

3.0 Lissafin ruwan rufi

Mutane da yawa ba su taɓa auna yawan ruwan da rufinsu ke zubarwa ba, alhali lissafin ba shi da wuya. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. A ɗauki gida mai ɗaki uku ko huɗu da baranda, rufinsa murabba'in mita 100. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a yammaci ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a Agusta, rufin zai zubar da lita 5,000, wato duro 25 na lita 200. Idan ruwan shekara ya kai milimita 1,200, lita 120,000 ke nan, ko jarka 4,800 irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25. A gidan da babu mazurari a bakin kwano, duk wannan ruwa yana sauka ne taku ɗaya ko biyu daga gindin bango.

Rufin jinka na da yana da sassauci ta wannan fuska. Ciyawa takan sha ruwan farko, ta sake shi sannu a hankali, bakin jinkar kuma yakan zarce bango sosai. Kwano ba ya riƙe ko ɗigo. Abin da ya sauka a kansa yana ƙasa nan take, da ƙarfin da zai haƙa rami a layi ɗaya. Ga tsadar katako da kwano ta sa ana rage tsawon bakin rufi. Ga tsakar gida da a da ƙasa ce mai shan ruwa, yanzu an malale ta da siminti. Ga filin bayan gida da ake shuka kuɓewa da rama, an yanka shi an yi ɗakunan haya. Ruwan sama bai ƙaru da yawa ba, wurin da zai nutse ne ya ƙare, shi ya sa lungun da iyayenmu suka bi da ƙafa a bushe yau ya zama rafi.

4.0 Yadda gishiri ke cin bango

Nan ne Awe ta bambanta da Lafiya ko Keffi, kuma nan nake roƙon masu karatu su ba ni hankalinsu.

Bango, na ƙasa ne ko na bulo, cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Idan ƙasar da ke gindinsa ta jiƙe, ruwa yakan bi waɗannan ƙofofi ya hau sama, galibi har kusan mita ɗaya. Iska da rana su busar da shi ta fuskar bangon. Ruwan ya tafi, abin da ya narke a cikinsa ya tsaya. Matan Awe masu dafa gishiri sun fi kowa sanin wannan aiki, domin shi suke yi da gangan: a yayyafa ruwan gishiri a kan ƙasa, rana ta busar, a kankare ƙasar da ta yi fari, a tace a tukwane, a dafa. Abin da suke yi a fili da rani don samun abinci, shi ne bangon da ke tsaye cikin danshi yake yi wa kansa shekara da shekaru, sai dai shi babu mai kankare masa. Gishirin yakan ƙanƙare a cikin ƙofofin, ya yi girma, ya tura yaɓen waje. Da farko a ga fari-fari a ƙasan bango, sai fenti ya kumbura ya ɓare, sai filasta ta riƙa zuba kamar gari idan an shafa hannu, daga nan bulon kansa ya fara rugurgujewa. A ginin ƙasa gindin bango ne ke zaizayewa har ya yi siriri, nauyin sama ya fi ƙarfinsa, ranar da aka kwana ana ruwa ya zauna. Idan akwai rodi a ginshiƙi, gishirin kan sa shi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki.

Abin baƙin ciki shi ne irin maganin da ake yi. Mai gida ya ga bango na zuba, sai ya kira birkila a sake filasta da siminti mai ƙarfi, ko a manna tayil daga ƙasa zuwa ƙugu. Ido ya huta na shekara ɗaya ko biyu. Amma an toshe wa danshin hanyar fita ne kawai, sai ya ƙara hawa, ya ɓullo a saman tayil ɗin ko ta cikin ɗaki, bayan gado da kwabet. Mafi muni shi ne yaɓa siminti a kan bangon ƙasa: ƙasar ta jiƙe a ɓoye, ta rabu da simintin, ba a sani ba sai ranar da fallen ya faɗo gaba ɗaya. Kuɗin da aka kashe a filasta sau uku ya isa a gyara hanyar ruwa sau ɗaya. Muddin ƙasar gindin bango a jiƙe take, gishiri zai ci gaba da hawa, ko wane irin fenti aka shafa.

Akwai kuma gishirin da ake gina shi cikin bango tun ranar farko, idan aka buga bulo ko aka kwaɓa siminti da ruwan rijiya mai zartsi. Mai buga bulo yakan ɗebi ruwan da ya fi kusa da shi. Wajibi ne mai gini ya tambaya, ya ɗanɗana da harshensa in ta kama.

5.0 Abin da maginan gargajiya suka sani

Ginin Hausa na gargajiya bai taɓa raina ruwa ba. A Kano da Zariya da Katsina, inda ake rufin soro da azara, ana sa indararo mai tsawo don ya jefa ruwa nesa da bango. Ana shafe bango da makuba, ko da laso wanda ake haɗawa da katsin marina, a sabunta yaɓe kafin damina. Ana yin dakali a gindin katanga ta waje. Mutane na ganinsa wurin zama ne da yamma, amma shi ne ke tare ruwan da ke fantsama da wanda ke gudu a lungu. Ana daɓe tsakar gida da gangara zuwa rariya, ana ɗaga dokin ƙofa. Kududdufin da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa shi ne matattarar ruwan unguwa. Da aka cike kududdufai da shara a birnin Kano aka yi gini a kansu, ruwan bai fasa zuwa inda ya saba ba, sai ya tarar da ɗakunan mutane.

Ba ina kiran a koma ginin tubali ba ne. Abin da nake cewa shi ne, mun karɓi bulo da kwano, mun yar da ilimin da ke tare da tubali, ba mu kuma ɗauki ƙa'idojin da ke tare da bulo ba. Ƙa'idojin kuwa sanannu ne. A shimfiɗa leda mai kauri ko wani abin da ruwa ba ya ratsawa a kan harsashi kafin a ɗora bango, ya kasance aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje. Ƙasar da ke kewaye da gida ta gangara waje, kamar santimita 15 a cikin mita uku na farko. A yi daɓe mai faɗin kamu biyu a zagaye da bango. A sa mazurari a bakin kwano, da bututun da zai sauko da ruwan.

A kan mazurarin nan zan ɗan tsaya, domin a Awe riba biyu gare shi. Garin da wasu rijiyoyinsa ke da zartsi, ruwan sama shi ne ruwan daɗi mafi araha da yake da shi. Lita 120,000 da muka lissafa, wadda ke cin harsashi, ita ce matan gida da yara ke fita nema da jarka. Tanki ɗaya ba zai riƙe ta duka ba, amma ko duro biyu aka jera an rage abin da ke zuba a ƙasa, an kuma sami na wanki da girki. Sharaɗin shi ne a bar ruwan farko ya wanke ƙurar rufi ya zube, a rufe bakin mazubin don sauro, a kuma yi wa rarar hanya idan ya cika.

Sokawe kuwa, wato ramin da ruwa ke nutsewa a cikinsa, wanda ake ɗauka maganin kowane ruwa ne, ba ya aiki a ko'ina. A ƙasa mai yumɓu rami ne kawai da zai cika ya tsaya. Kafin a kashe kuɗi a haƙa ɗan rami, a cika shi da ruwa, a ga ko zai shanye cikin yini. In ya shanye, a yi sokawen nesa da bango da kamar mita biyar. In bai shanye ba, ruwan na buƙatar hanya a sarari.

6.0 Lafiya

Wannan fanni an fi saninsa, don haka zan taƙaita. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na 'yan shekarun nan sun nuna kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Sauron da ke yaɗa shi ya fi son ɗan ruwan da ya kwanta a rana, irin na sawun taya da ramin da aka ɗebi ƙasa, kuma daga ƙwai zuwa mai fiffike mako ɗaya zuwa biyu ne. Ruwan da ya bushe cikin kwana biyu ko uku bai ba shi wannan dama ba. Jihohin Nasarawa da Filato sun yi abin alfahari a 2017, lokacin da aka sanar da kawar da cutar tundurmi a cikinsu bayan shekaru ana rabon magani da gidan sauro tare da Cibiyar Carter. Ita ma sauro ne ke yaɗa ta, kuma bai kamata mu riƙa kiwonsa a ƙofar gida bayan wannan wahala ba.

Haɗarin da ya fi gaggawa shi ne haɗuwar masai da rijiya. Idan tsakar gida ta cika, ruwa ya shiga shadda ya fito, ya gangara rijiyar da bakinta ke daidai da ƙasa. A 2021 Nijeriya ta sami fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa, fiye da 3,000 suka rasu, mafi yawa a Arewa kuma da damina. Ma'aikatan lafiya na ba da shawarar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya. A filin da bai wuce ƙafa hamsin da ɗari ba, wannan tazara ba ta samuwa sai an yi shawara da maƙwabci, domin masan wani yana jingine da rijiyar wani, katanga ce kawai a tsakani.

7.0 Ruwa da haƙƙin maƙwabci

Duk abin da aka faɗa a baya mutum ɗaya zai iya yi a gidansa. Amma ruwan da ya fita ta rariya bai ɓace ba, ya shiga rayuwar wani ne. Abin da ake gani a garuruwanmu shi ne gasar ciko: wannan ya zuba marmara ya ɗaga ƙofar gidansa, na kusa da shi ya ɗara shi, har lungu ya fi tsakar gidan wanda ba shi da kuɗin tifa tsawo. A ƙarshe ruwan unguwa gaba ɗaya yana kwana a ɗakin gwauruwa ko tsoho, wanda gidansa ya riga na kowa zama a wurin. Wannan zalunci ne, ko da wanda ya yi shi bai nufa ba.

Malaman Malikiyya, mazhabar da mafi yawan Musulmin wannan ƙasa ke bi, sun daɗe da yin magana a kai. Ibn al-Rami, magini ne a birnin Tunis a ƙarni na 14 wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini, ya tattara hukunce-hukuncen a littafinsa Al-I'lan bi Ahkam al-Bunyan. A nan gida, Alƙali Idris ɗan Khalid na Gwandu ya yi irin wannan tattarawa a ƙarni na 19 don amfanin alƙalan Daular Usmaniyya, kuma Besim Hakim da Zubair Ahmed sun yi nazarinta a wata maƙala ta 2006. Tushen hukuncin duka shi ne ƙa'idar nan ta hana cuta da cutarwa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suka raba ruwa gida biyu. Ruwan sama rahama ne da ba wanda ya jawo shi, don haka hanyar da ya saba bi tun da can tana da haƙƙi, wanda ya zo daga baya ba shi da ikon toshe ta ko juya ta kan wani. Ruwan wanka da wanki da na masai kuwa mai gida ne ya samar da shi, nauyinsa na wuyansa, ba shi da hurumin sakin sa a hanyar jama'a ko gindin bangon maƙwabci. Yau mun haɗe su a rariya ɗaya, shi ya sa lungunanmu ba sa bushewa ko a watan Fabrairu, bangon da ke gefen kwata kuma yana shan danshi wata goma sha biyu.

Sun kuma yi magana a kan wanda zai biya kuɗin yashe magudanar da gidaje da yawa ke zuba ruwa a cikinta. Ra'ayin da aka ruwaito shi ne, na can sama ya gyara daga ƙofarsa zuwa ta mai bi masa, sannan su biyun su haɗu zuwa ta na uku, a yi ta tafiya haka har ƙarshe. Hikimar a fili take: ruwan na sama ya bi ta ƙofar kowa, na ƙasa kuwa ɗan guntun wuri ya amfana da shi. A al'adarmu ta yanzu an kifar da abin. Na tudu yana barci, na gangare ne ke fita da shebur cikin dare. Ina ganin masu unguwanni da limamai da fadar Mai Martaba Sarkin Awe suna da abin aiki a nan wanda ba sai an jira wata sabuwar doka ba. Mutumin da zai yi gardama da injiniya ba zai yi gardama da hukuncin da ya ji a bakin limaminsa ba, kuma maƙwabcinsa Kirista ba zai ƙi tsarin da adalcinsa ke bayyane ba. Aikin gayya da aka san mu da shi a gona zai iya komawa lungu, in an raba nauyin ta wannan hanya.

8.0 Inda aikin hukuma ya fara

Gayya tana iya kai ruwa bakin titi. Daga nan sai hukuma. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina tituna da magudanun ruwa da kula da su, da kwashe shara. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya ƙara wa talaka hujjar tambayar shugaban ƙaramar hukumarsa ina lambatu. Akwai kuma shirin ACReSAL mai tallafin Bankin Duniya, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma zaizayar ƙasa da kula da hanyoyin ruwa na cikin aikinsa.

Sai dai yadda ake gina lambatu a garuruwanmu yana buƙatar gyara. Galibi rakiyar kwalta yake yi: inda titi ya tsaya nan ya tsaya, ko da tsakiyar unguwa ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin lambatun da ba shi da mafita tattara ruwan da ke warwatse yake yi ya juye shi wuri ɗaya. Kwalbatin da aka sa ƙarami don a rage kuɗi, ledar ruwa da robar lemo sun isa su toshe shi a ruwan farko. Ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata matasa kan yashe kwata su tara dagwalon a bakinta, ba motar kwashewa, ruwa na gaba ya mayar da shi inda ya fito. Dattawa na tuna zamanin duba-gari, da ake shiga gida a leƙa randa da rariya. Jami'an lafiyar muhalli suna nan a ƙananan hukumomi har yau. Abin da ya kamata a ƙara musu shi ne ikon duba hanyar ruwa tun ana haƙa harsashi, lokacin da gyara bai wuce aikin yini ɗaya ba.

Shawarata ga Ƙaramar Hukumar Awe ita ce a fara da taswira, kuma a zana ta tare da mutanen gari. Tsofaffi sun san inda ruwa ke bi kafin a yi gini, sun san tsohon kududdufi da aka cike. Matan da ke aikin gishiri sun san inda ƙasa ke tsatsafo da zartsi da inda ba ta yi, ilimin da zai ɗauki mai awo watanni kafin ya tara. Da wannan taswira za a san filin da bai kamata a yanka wa kowa ba, da unguwar da ledar harsashi ta zama tilas a cikinta. Haƙa kuma a faro shi daga mafita a hauro, yadda ko kuɗi sun yanke a tsakiya, abin da aka gina zai yi aiki. Mafitar kanta a zaɓe ta da lura: kada ƙazamin ruwan gari ya gangara filayen da ake ɗibar gishirin da mutane za su ci, kada kuma ya bi ta kusa da rijiyoyin da ruwansu ke da daɗi, waɗanda su ne garin ya fi ƙarancinsu. Lokacin wannan aiki daga Janairu ne zuwa Maris, ƙasa a bushe, manoma ba su koma gona ba, don haka kasafinsa ya kamata ya fito tun a ƙarshen shekarar da ta gabata.